Ciyawar Garin su Inna

Na haura shekara talatin, ina da mata da 'ya'ya biyu, kafin in san cewa mahaifiyata tana da wani harshe ban da Hausa. Harshen ma ba wani abu mai yawa ya rage mata ba. Kalma ɗaya ce, sunan wata ciyawa.

A lokacin ina aikin malamin daji a En'e, wato hukumar gargajiya ta Kazaure. Aikina shi ne in zaga ƙauyuka in ga inda ake saran itace, in hana ƙona daji, in rubuta abin da na gani in kai ofis. Mahaifina ya daɗe da rasuwa. Mai baibaya ne, rabin ɗakunan unguwarmu shi ya rufe su, kuma shi ya fara koya mini sunayen ciyayi tun kafin in riƙe alƙalami. A wurinsa ciyawa gida uku ce: ta rufi, ta dabba, da wadda ake sussuke ƙwayarta a ci in yunwa ta zo. Duk wadda ba ta shiga ɗaya daga cikin ukun nan ba, ba ya ɓata lokacinsa a kanta. Bayan rasuwarsa Inna ta dawo gidana, na gina mata ɗaki kusa da rumbu. Ni ne ɗanta na fari, ni kaɗai kuma na rayu cikin biyar ɗin da ta haifa. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ina yaro "kai" take cewa. Da na fara aiki sai ta koma ce mini Malam, kamar kowa.

Abin da na sani game da ita bai wuce abin da mutanen unguwa suka sani ba, shi ma ba a faɗinsa da ƙarfi. Baiwa ce a da. A gidan wani mai sarauta ta tashi a ƙasar Roni, bayan zuwan Turawa aka 'yanta ta, mahaifina ya aure ta. Tana da ƙananan tsagu uku a gefen kowane ido, irin waɗanda ban taɓa gani a fuskar wani ba. Ban taɓa tambayarta ba, ita ma ba ta taɓa ɗauko zancen ba. Hausarta ta fi tawa daɗi, ba ta wasa da salla, kuma duk unguwa in an yi haihuwa ita ake fara aika wa.

Wata damina aka kawo mana sabon Baturen daji, wani dogo mai yawan shiru, wanda ciyawa ta fi damunsa a kan itatuwa. Ya ce yana so a tattara masa kowace irin ciyawa da ke ƙasar, daga Babura har Gwiwa, don a san abin da shanu ke ci da abin da suke bari. Ya nuna mini yadda ake yi. A tumɓuke ta da saiwarta, a karkaɗe ƙasar, a shimfiɗa ta tsakanin takardu, a danne da katako biyu a ɗaure da igiya. Sannan a rubuta inda aka same ta da sunan da mutanen wurin ke kiranta. Abokan aikina suka yi ta yi mini dariya, wai an mai da malamin daji mai yankan ciyawar doki. Ni kuwa aikin ya yi mini daɗi. Na tara gamba da tsaure da shinaka, na tara ƙyasuwa da harkiya da komayya, har ɗakina ya koma warin ingirici.

Wajen ƙarshen daminar, gero ya kusa yanka, na hau wani dutse a ƙasar Roni. A cikin wani tsagi da ruwa ke kwantawa na tarar da ciyawar da ban sani ba. Tsayinta bai wuce gwiwa ba. Kanta ja-ja ne, mai laushi kamar gashin ɗan tsako, in rana ta haske shi sai ya yi ta ƙyalli. Duk wurin da ta fito bai fi faɗin tabarma biyu ba. Na tambayi manoman gindin dutsen, suka jujjuya ta suka ce ciyawar dutse ce kawai, ba su san ta da wani suna ba. Na tumɓuko da ɗan yawa na sa a jaka.

Da la'asar na iso gida. Inna na zaune a inuwar rumbu tana yanka kuɓewar da za a shanya, matata na daka. Na zazzage jakar a tsakar gida ina ware ciyayin. Sai na ji ƙarar wuƙa ta faɗi cikin faifai. Inna ta miƙo hannu ta ɗauki jar ciyawar nan, ta shafa kanta da babban yatsa, ta faɗi wata kalma.

Na ce, "Na'am, Inna?"

Ta sake faɗa, a hankali, kamar mai gwada ɗanɗanon miya. Kalma ce mai gaɓa uku, ƙarshenta ta hanci yake fita. Muryar da ta faɗe ta da ita ma ba irin wadda na sani ba ce.

"Sunanta ke nan," in ji ta. "A garinmu."

"A Roni?"

"A'a. A garinmu."

Matata ta tsaya da taɓarya a hannu. Inna ta ɗauki ciyawar ta shiga ɗaki, kuɓewar ma matata ce ta ƙarasa yankawa.

Labarin bai fito a zama ɗaya ba. Kwana da kwanaki ta yi tana ba ni shi gutsi-gutsi, yawanci da safe in na je gaishe ta. Garinsu a kan dutse yake, ɗakunan manne da juna, kewaye da shingen ƙerana. Acca suke ci. Jar ciyawar nan ta rufe gangaren dutsen gaba ɗaya in damina ta yi nisa, 'yan mata kan tsinko kanta su soka a gashi. Tana da ƙane, bai daɗe da fara tafiya ba, ita ke goyonsa. Ranar da abin ya faru sun sauko gona ne a gindin dutse tare da uwarsu. Ta ji ihu, ta ga dawakai, kowa ya ruga ya nufi sama.

"Da na sauke shi da na tsira," ta ce. "Nauyinsa ne ya hana ni gudu. Amma ban sauke shi ba."

Sun yi tafiyar kwanaki da ba ta san adadinsu ba. A wata babbar kasuwa aka kwance shi daga bayanta aka ba wani mutum mai jan rawani, ita kuma aka yi arewa da ita. Tana cikin famfara a lokacin, ta tuna haƙorinta ɗaya a hanya ya fita. A gidan da aka kai ta ba wanda ya hana ta yin yarensu. Babu dai mai amsa mata, yara kuma suna dariya, sai ta daina. Sunan da muka san ta da shi a gidan aka raɗa mata. Na farkon ya ɓace mata, sunan garin ya ɓace, har kalmar da take kiran uwarta da ita. Ta ce ita kanta ba ta san sunan ciyawar nan yana nan a cikinta ba, sai da ta gan ta.

Wata safiya ta ce mini, "Malam, kai da kake yawo. Ka tambayo mini inda ciyawar nan ta fi yawa. Inda take da yawa, nan ne garinmu."

Na ce to. Ban san girman abin da na ɗauka ba.

Wanda na fara tambaya baffana ne, ƙanen mahaifina, shi ma mai baibaya. Ya zo gaishe da Inna, na nuna masa. Ya ce wannan ai dangin tofa ce, dubi gashin kanta, ko kuwa wata 'yar gamba ce da dutse ya hana ta girma. Inna ta ce sam. Ta murza kan a tafin hannunta, ta hure gashin, ta nuna masa 'yar ƙwayar da ta rage.

"Ka taɓa ganin ƙwayar gamba haka? Wannan 'yar uwar ƙyasuwa ce."

Baffa ya ce shekara arba'in yana yankan ciyawa, mace ba za ta koya masa danginta ba. Suka yi ta gardama har aka kira azahar. Ban taɓa ganin Inna ta kafe a kan magana kamar ranar ba.

Ranar kasuwar Babura na sami wani Arɗo da muka saba, wanda kan kai shanunsa kudu da rani. Ya duba ta da kyau ya ce ya san ta, yana ganin ta a hanya, amma a lokacin ta bushe ta koma fara. Na ce a ina? Ya ɗaga sanda ya nuna kudu, ya kuma karkata ta ya nuna gabas. Ya ce nan kaɗan, can kaɗan, a bakin hanya da tsofaffin gonaki. Shanu kan taɓa ta tana ɗanya, in ta yi kai sai su bar ta.

"Mu abin da saniya ba ta damu da shi ba, ba mu sa masa suna," in ji shi.

Na tambayi fatake masu zuwa daga Damagaram, wani ya ce ya gani, wani ya ce bai taɓa ba. Na gwada kalmar a kan tsofaffin sojoji da masu aikin hanya da suka zo daga kudu. Na rubuta ta da ajami, na rubuta da boko, iri uku, duk wanda na karanta wa Inna sai ta ce ba haka ba ne. Baturen ma da na kai masa ciyawar ya daɗe yana duba ta da ɗan gilashinsa, ya buɗe littattafai biyu, ya ce yana da zato amma ba shi da tabbas. Zai aika da ita wani gidan ajiye tsirrai a ƙasarsu. Na gaya masa wata tsohuwa ta san ta da wani suna na daban. Ban ce masa ko wace ce tsohuwar ba.

Dole in faɗi abin da na yi bayan wannan, ko da yake har yau ba na son tunawa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci abokan aikina uku suka biyo ni gida cin abinci. Ɗaya daga cikinsu ɗan gidan sarauta ne, ya yi shekaru yana aikin akawu a ƙasar haƙar kuza, bai daɗe da dawowa ba. A irin aikinmu a wancan zamani, gidan da mutum ya fito yana gaba da iliminsa. Sun san ni ɗan mai baibaya ne, na kuwa sha wuya kafin in sami wurin zama a cikinsu. Muna zaure muna cin tuwo, sai ga Inna a ƙofar ciki, da ciyawar a naɗe cikin tsumma. Ashe ta ji labarin inda akawun ya zauna. Ta gaishe su, suka ajiye loma suka gaishe ta da ladabi.

Ta dubi akawun ta ce, "Ɗana, an ce ka zauna a ƙasar duwatsu. Ko ka taɓa jin wannan?" Ta faɗi kalmar.

Ya yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba. "Inna, wannan ai kamar yaren arna ne. Ina kika samo shi?"

Sauran biyun suka dube ni. Kafin ta buɗe baki na ce, "Inna, koma ciki ki huta." Na juya wurinsu na ce, "Ku yi haƙuri, tsufa ne ya fara taɓa ta."

Ta dube ni. Ba harara ba ce, duba ne kawai. Ta naɗe tsummanta ta koma ciki.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ina zuwa gaisuwa tana amsawa, tana tambayar aiki, tana sa mini albarka. Amma ta daina tambayata abin da na jiyo a rangadi. Mako biyu ana haka. Matata ce ta gaji, wata rana tana ba ni ruwan alwala ta ce, "Malam, abin da ka yi ranar Juma'ar nan bai kyautu ba. Ko abinci ba ta ci sosai tun ranar."

Na je ƙofar ɗakinta na tsuguna. Na ce, "Inna, ki yafe mini."

"Me ka yi?"

Na sunkuyar da kai.

"Ai gaskiya ka faɗa, na tsufa. Tashi kar rigarka ta yi ƙasa."

Ta yafe, na sani. Amma na fi so a ce zagina ta yi.

Matata ce kuma ta kawo labarin wata tsohuwa a wani ƙauye kusa da Gwiwa. Gwaggonta ta gaya mata cewa tsohuwar ma daga ƙasar duwatsu aka kamo ta, kuma ta fi Inna wayo lokacin da aka kawo ta. Da aka gama kaka na nemi izini a ofis, na ɗora Inna a jaki, ni ina tafe a ƙasa. Tun asuba muka tashi, ba mu isa ba sai da rana ta yi sanyi.

Tsohuwar ta makance, tana zaune wurin jikarta mai yin daddawa. Da aka gaya mata abin da ya kawo mu ta ce a matso mata da baƙuwar. Ta sa yatsu ta lalubi fuskar Inna, ta tsaya a kan tsagun, ta ƙirga su.

"Ba namu ba ne," ta ce. "Namu a kumatu suke."

Inna ta sa mata ciyawar a hannu ta faɗi kalmar. Tsohuwar ta sunsuna, ta shafa, ta girgiza kai. Ta ce ita abin da ya rage mata ya fi haka, bari ta gwada. Ta yi ƙirge daga ɗaya zuwa biyar da yarensu. A na huɗu Inna ta ɗaga hannu.

"Sake faɗa, Yaya."

Ta sake. Inna ta motsa leɓe tana gwada kalmar. Can ta ce, "A'a."

Tsohuwar ta yi mata waƙar niƙa, ta faɗi sunan ruwa da na wuta da na akuya. Babu wanda ya yi daidai. Na zaci za mu juya da safe, amma Inna ta ce mu ƙara kwana. Yini biyu suka yi a tabarma ɗaya a gindin wata tsamiya, suna magana ƙasa-ƙasa da Hausa, wani lokaci har da dariya. Ni ina can nesa wurin maza. Abu ɗaya kawai na ji, lokacin da na je gaya musu an ɗaura wa jaki akumari. Tsohuwar na riƙe da hannun Inna tana cewa, "Ni fa na san sunan garinmu, 'yar uwa. Na ba wani falke ya duba mini. Ya dawo ya ce kufai ne, ko kaza babu. Ke aƙalla naki yana nan da mutanensa a ranki."

A hanyar dawowa, da muka hango duwatsun Kazaure, Inna ta juyo wurina. Ta ce daddawar jikar tsohuwar nan gishiri ya yi mata yawa.

Amsar takardar Bature ba ta zo ba sai da bazara. Ya kira ni ofis, ya shimfiɗa taswira a tebur, ya danne gefenta da kofin shayinsa. Ya ce an san ciyawar. Ya rubuta mini sunanta, kalmomi biyu dogaye da harshen masu ilimin tsirrai. Ya ce ba dangin gamba da dawa ba ce. Gidansu ɗaya da gero da ƙyasuwa da acca. Sannan ya sa tafin hannunsa a kan taswirar ya fara ja. Daga bakin teku na yamma ya ja har gabas, ya gangara kudu har inda ƙasar baƙar fata ta ƙare, ya dawo ya tsallaka ruwa ya taɓa ƙasar Larabawa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, amma ina ne asalinta? Inda ta fi yawa?"

Ya ce duk inda hannunsa ya bi asalinta ne. Ba kawo ta aka yi ba, a nan Allah ya halicce ta. Tana son dutse da tsakuwa da gonar da aka bari, irin waɗannan wuraren kuwa ba su ƙirguwa.

Ban san abin da ya gani a fuskata ba, ya ce ko akwai abin da ya faru. Na ce, "Ranka ya daɗe, tsohuwar nan da na gaya maka, mahaifiyata ce." Na ba shi labarin a taƙaice. Ya daɗe yana kallon taswirar. Daga baya ya rubuta wa abokan aikinsa biyu a ƙasar duwatsu, ya sa kalmar yadda na rubuta ta. Ɗaya ya amsa cewa yarukan wajen sun fi a ƙirga, kowane dutse da nasa, bai sami wanda ya gane ta ba. Ɗayan bai amsa ba.

Kwana uku ina riƙe da maganar kafin in iya faɗa mata. Da hantsi na same ta tana kaɗi a ƙofar ɗaki. Na fara da mai daɗin.

"Inna, Turawa sun ce ke ce da gaskiya. 'Yar uwar ƙyasuwa ce."

Ta yi dariya har mazarin ya faɗi. "A aika a gaya wa baffanka. Yau ɗin nan."

Sannan na gaya mata sauran. Na zana mata a ƙasa da tsinke, iyakar yadda na iya.

"Tafiyar kwana nawa ne wannan?"

"Inna, ko shekara mutum ya yi yana tafiya ba zai fita daga ƙasarta ba."

"Har gabas?"

"Har gabas. Har ƙasar Larabawa."

Ta ɗauki mazarin ta ajiye a cinya, ba ta murza ba. Kaji suna ta tono a bayan rumbu. Ina tsugune har ƙafata ta yi sanyi.

"To," ta ce. "Duk inda aka kai yaron nan, ya gan ta ke nan."

Na ce in Allah ya so.

"Sai dai bai san sunanta ba. Bai fara magana ba lokacin."

Da damina ta yi nisa ta ce in kai ta dutsen da na samo ciyawar. Na ce hawan da wuya, zan tsinko mata. Ta ce ba tsinkakkiya take son gani ba. Muka tafi mu uku da matata. Jaki ya kai mu gindin dutsen, daga nan da sanda ta hau, ni ina riƙe da hannu ɗaya, matata na tallafe ta ta baya. Sau huɗu muka tsaya hutu. Da muka isa tsagin, ciyawar na nan, ta yi kai, iska na kaɗa ta. Inna ta zauna a kan wani falalen dutse tana haki, tana kallonta.

"Tamu ta fi wannan tsayi," ta ce. "Har ƙirjina take zuwa." Ta sake kallonta. "Ko kuwa ni ce ƙarama."

Ba ta tsinki ko ɗaya ba. Da numfashinta ya dawo ta juya tana duban ƙasa, gonaki shar har iyakar gani. Ta nuna wani gari da sandarta, can inda kukoki suka yi yawa. Garin da ta tashi ne, gidan da aka kai ta.

"Ga rijiyar can, bayan kukar nan ta dama. Kullum daga bakinta nake hango dutsen nan. Shekara ashirin ina ɗiban ruwa ina kallonsa. Ban taɓa hawa ba."

Matata ta juya baya tana goge ido da gefen mayafi. Inna ta ce mu sauka kar hadari ya kama mu, ga shi can yana haɗowa daga gabas. Muka sauka. Ya kuwa kama mu kafin mu isa ƙauyen farko.

Ba ta ƙara ganin wata daminar ba. Tari ya kama ta da rani, ya yi ta cin ta a hankali. Wata safiya ta sha kunu, ta ce wa matata ta fitar mata da tabarma rana, kafin a gama shimfiɗawa ta cika. Da Hausa ta yi maganarta ta ƙarshe, ta kuma yi kalmar shahada.

Ranar sadakar uku zaure ya cika har waje. Mutanen unguwa sun zo, mutanen ofis sun zo, har hakimi ya aiko wakili. Limaminmu ba shi da lafiya, sai aka ɗauko wani malami baƙo da bai san gidanmu ba. Kafin ya fara addu'a ya karkato wurina ya ce yana so ya haɗa da iyayenta.

"'Yar wa ce marigayiyar?"

Na ce, "Ban sani ba, Allah gafarta Malam."

Ya zaci ban ji ba. "Sunan mahaifinta nake tambaya."

"Ban san shi ba. Ita ma ba ta sani ba. Tana ƙarama aka kamo ta, ita da ƙanenta."

Baffa ya sunkuyar da kai. Malamin ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya ɗaga hannu. Ya roƙa mata gafara, ya roƙi rahama ga waɗanda suka haife ta duk inda ƙasa ta rufe su, da ɗan'uwanta, ko yana raye ko ya riga ta. Aka shafa.

Na shiga ciki in ce a fito da waina. 'Yata babba na tsaye bayan zana da ƙwarya a hannu, ashe ta ji komai.

"Baba, wa ya kamo Kaka?"

Na ce ta kai ƙwaryar tukuna, in an watse za mu yi magana. Da aka watse na kira ta ita da ƙanenta, na zaunar da su, na gaya musu duk abin da na sani. Bai ɗauke ni wani lokaci mai tsawo ba.